Yadda Na Sa wa Kwamfutar Moidu Harshen Malayalam

A kafaɗa Moidu ya ɗauko kwamfutarsa ya shigo da ita shagona da ke unguwar Rusaifa, a nan ƙasa mai tsarki, ya lulluɓe ta da tawul saboda rana. Ba irin waɗannan da kuke sawa a jaka ba ce. Akwatin ƙarfe ne fari mai nauyi, wanda in ka kunna shi sai ka ji fankarsa tana gurnani. Ya dire ta a kan teburi, ya share gumi, muka gaisa, sannan ya dafa ta, ya kira ni usta yadda ake kiran gwanin aikin hannu a nan, ya ce da Larabcinsa na kasuwa:

"Usta Sani, so nake wannan ta iya yarenmu."

Sunansa na yanka Muhyiddin, amma mutanensu Moidu suke ce masa, mu ma muka bi. Ɗan Malabari ne, wato mutumin Kerala da ke kudancin Indiya, irin waɗanda kuka saba gani a bufiya, ƙananan shagunan abincin nan, suna soya ƙwai suna haɗa shayi. Shi ba a bufiya yake ba. Wani masaukin alhazai yake kula da shi a unguwar Misfala, kusa da Harami, kuma kusan duk masu sauka a ciki mutanen ƙasarsu ne. Ta wajen gyaran firinta muka saba.

Na tambaye shi abin da zai yi da yaren nasu, Malayalam, a kwamfuta. Sai ya ja kujera ya ba ni labari. A hajjin da ya wuce, wani tsoho daga cikin baƙinsa ya fito daga Harami ta wata ƙofa dabam, ya miƙe ya yi ta tafiya, yana zaton Misfala ya nufa. Akwai kati a wuyansa, amma da Larabci da Turanci aka rubuta, shi kuwa ba ya karanta ko ɗaya. Kunya ta hana shi tsayar da kowa. Rana ta buge shi ya faɗi, sai a asibiti aka gano shi. Ya rayu, amma masu kawo alhazan suka gaya wa mai masaukin cewa in aka sake haka za su kai mutanensu wani wuri, mai masaukin kuma ya juyo kan Moidu.

"Na gwada rubutawa da hannu ina yin kwafi," in ji shi. "Gumi yana cinye shi. Kuma kullum akwai sabon abu, lokacin abinci, lokacin mota, ƙofar da za a fita. Ina so in buga da kaina, manya-manya, yadda tsoho zai gani."

Na ce masa ban taɓa yi ba, ban ma taɓa ganin rubutunsu a kan allo ba, amma ya bar ta a nan.

Na san abin da kuke cewa a ranku. Ku da kuka tashi da waya a hannu, kuna shiga wajen saiti ku danna sunan harshe, shi ke nan ya fito. Ina jin ku kuna cewa aikin Ammu Sani, wato ni baffanku, ai wasa ne. To, ku saurara, don ba daga nan aka fara ba, kuma ko yau ɗin ba a nan yake ƙarewa ba.

Ni da tafireta na fara. Mahaifina, wanda ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa tun yana saurayi ya zauna a nan, shi ya kai ni wajen Usta Jibrin, mai gyaran tafireta a unguwar Tandabawi. Usta Jibrin Bahaushe ne da iyayensa suka biyo ta Sudan, dogo, ba ya son surutu. Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, yana warin kananzir da man keke. Kayan aikinsa a jere suke a kan wani ƙyalle kore: sukundireba manya da ƙanana, hantsaki, filaya mai siririn baki, magagari, burushin haƙori da ya tsufa, ƙarfen narka dalma, da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Na daɗe ba na yin komai sai wanke baƙaƙen tafireta da burushi da kananzir, ina cire dattin tawada daga cikin cikin mim da wawu da tsinken allura. In na gama ya buga layi ɗaya, ya ɗaga takardar wajen haske. In mim ɗaya ya fito a toshe, sai in sake duka.

Wata rana wani magatakarda ɗan Pakistan ya kawo tafiretar Larabci, ya ce akwai baƙi a yarensu mai kama da baƙin ba na Larabci, amma ɗigo uku ne a ƙasansa, kuma babu shi a injin. Usta Jibrin ya sa shi ya zana baƙin a takarda. Ya samo baƙin ba daga wata matacciyar tafireta, ya goge ɗigon da magagari, ya narka dalma, ya ɗiga uku ƙanana da bakin allura yana kallo ta gilashi, ya daidaita tsayinsu da jikin baƙin don su bugi takarda tare. Ya cire wata alama da ba a cika amfani da ita ba ya dasa sabon baƙin a gurbinta. Da ya gama bai ɗaure murfin ba. Ya aike ni na kira mutumin, ya ce ya zauna ya buga kalma da kansa ya karanta. Mutumin ya ce ɗigon sun yi kusa da juna, daga nesa kamar ɗaya. Usta Jibrin bai yi musu ba, ya sake kunna wutar dalma.

Bayan mutumin ya tafi na ce, "Usta, ni na ga sun yi kyau."

Ya ce, "Kai za ka karanta?"

Na shekara da yawa a wannan shago. Sannan tafireta ta fara mutuwa a hannunmu. Ofisoshi suka riƙa fitar da su suna jibgewa a bakin titi. Usta Jibrin ya ce shi ya tsufa da koyon sabon abu, amma ni in tafi. Na riƙa zuwa Jidda wajen wata warsha, wato shagon gyara, ina koyon buɗe kwamfuta da haɗa ta, da sa mata manhaja daga faifai. Daga baya na kama shagon nan. Koren ƙyallen da kuke gani a cikin durowa, nasa ne ya ba ni.

To, mu koma kan kwamfutar Moidu. Abu na farko da na yi, na jona ta da intanet, ta wayar tarho a lokacin, mai kuka kafin ta kama. Moidu ya ba ni adireshin wani shafi na yarensu. Da shafin ya buɗe, babu komai sai ƙananan akwatuna a jere, layi bayan layi, kamar tagogin bene. Wannan na gane shi. Akwati yana nufin kwamfuta ta san akwai baƙi a wurin amma ba ta da zanensa. Zanen baƙaƙen shi ne muke kira font. Na gaya wa Moidu, ya buga waya gida, ɗan yayarsa ya ba wani mai zuwa umara faifai ya kawo mana.

Na sa font ɗin da ke kan faifan, sai ga baƙaƙe sun fito. Ban taɓa ganin rubutu mai zagaye haka ba. Kowane baƙi a lanƙwashe yake, wani kamar zobe, wani kamar igiyar da aka naɗe aka ajiye, babu kusurwa ko ɗaya. Moidu ya yi murmushi har kunne. Ya zauna da wata takardar jagora da ta zo da faifan, ya buga layi biyu da yatsa ɗaya. Muka ɗauki rubutun muka kai maɗaba'ar da ke bayan titinmu don a buga a kati mai kauri. Da mai maɗaba'a ya buɗe a tasa kwamfutar, sai ga baƙaƙen Turanci a hargitse da alamomin lissafi, babu ma'ana.

A nan na koyi abin da har yau nake gaya wa masu kawo mini irin wannan aiki. Font iri biyu ne. Akwai na dabara, wanda aka ɗauki baƙin Turanci aka sa masa rigar wani harshe. A kwamfutarka zai yi kyau, amma da zarar ya bar gida rigar ta faɗi, sai ainihin abin da ke ciki ya bayyana. Akwai kuma na gaskiya, wanda kowane baƙi na kowane harshe yake da lambarsa ta kansa da duk kwamfutocin duniya suka yarda da ita. Na faifan nan na dabara ne. Na gaskiyan kuwa tsarin da ke kan kwamfutar Moidu ya tsufa, bai san shi ba. Dole na kwashe masa takardunsa, na goge komai, na sa sabon tsari, na ƙara mata ƙwaƙwalwa don ta iya ɗauka.

Da na gama na kira shi. Na riga na kwafo wani sakin layi daga intanet na buga a takarda, baƙi ƙirin, tsaf. Na miƙa masa ina jiran yabo. Ya duba, ya karkatar da kai irin yadda suke yi, ya yi dariya a hankali.

"Usta, baƙaƙen namu ne. Amma kamar mutum ne ya sa hula a ƙafa."

Ya ɗauki biro ya nuna mini. A rubutunsu akwai wasalin da a baki bayan baƙi yake zuwa, amma a takarda gaban baƙin ake zana shi. Akwai wanda yake rabuwa biyu, rabi ya tsaya a gaba rabi a baya, ya sa baƙin a tsakiya. In kuma baƙi biyu suka haɗu babu wasali tsakaninsu, sai su narke su zama wata sura dabam, wani ya hau kan wani ko ya shige ƙarƙashinsa. A takardata duk wasullan sun tsaya a baya, wasu ma suna rataye a jikin wata da'ira mai ɗige-ɗige da ba ta cikin yaren sam. Ni kuwa da'irar nan ce ta fi burge ni, ina zaton ado ce.

Wannan ya yi kama da abin da kuka sani a Larabci, inda ainun yake sauya sura a farko da tsakiya da ƙarshe. Akwai wani ɓangare a cikin kwamfuta da aikinsa ke nan, ya karɓi baƙaƙe yadda ka danna su ya jera su yadda ido ya saba gani. Na Larabci yana aiki, na Malayalam bai farka ba. Na yi ta nema. Manhajar rubutun da Moidu ya saba da ita ita ce ba ta jituwa da yaren, sai da na samo wata. Duk gyaran da na yi, ba ni da idon da zan san ya yi ko bai yi ba. Don haka muka tsara: bayan la'asar Moidu zai zo ya zauna kusa da ni, in taɓa abu, in juya masa allo, ya ce "ya matso" ko "ya ƙara lalacewa". Yakan zo da wani cincin na ayaba da suke soyawa, ni kuma in aika a kawo shayi. Akwai wasu baƙaƙe nasu da ke rufe kalma, waɗanda suka fi ba mu wuya. Yau su fito daidai, gobe a wani font su fito da wutsiya. Ranar da suka zauna, ya karanta sakin layin daga farko har ƙarshe da ƙarfi ba tare da ya tsaya ba, sannan ya ce, "Halas. Yanzu ta iya."

Saura bugawa. Madannan kibod ɗinsa Larabci da Turanci ne a jiki, babu wurin na uku. Hanya biyu ce. Ko dai ka bi tsarin da aka yi wa yaren, wasulla a hannun hagu baƙaƙe a dama, ko kuma ka rubuta kalmar da baƙaƙen Turanci yadda take fita a baki, kwamfuta ta juya ta. Moidu ya ce ta farko yake so, don Turancinsa ba shi da ƙarfi. Muka buga baƙaƙen ƙanana a takarda mai gam, na yanka su da reza ɗaya bayan ɗaya, na liƙa a goshin kowane madanni da hantsakin Usta Jibrin, na shafe da man farce marar launi don kada gumi ya ci. Shi yake miƙo mini yana cewa wannan nan, wancan can, don ni ban san sama da ƙasan baƙin ba. Na kuma nuna masa yadda zai sauya daga Larabci zuwa yarensu, da yadda zai mayar da layi ya fara daga hagu, saboda kwamfutar ta saba farawa daga dama.

Katin farko fuska biyu muka yi masa. Ɗaya Larabci, don ɗan sanda ko direba. Ɗaya Malayalam, don mai katin: sunan ƙofar da zai fita, abin da zai gani a gabansa in ya fita daidai, abin da zai gani in ya yi kuskure, da cewa kada ya ci gaba da tafiya, ya tsaya a inuwa ya nuna wa ma'aikaci bayan katin. Aka rufe su da leda aka sa igiya.

Masu umarar azumi su ne suka fara sauka, Moidu ya ce in zo in gani. Na je Misfala da hantsi. Yana tsaye a zauren masaukin yana rabawa, maza suna karɓa suna karantawa suna gyaɗa kai. Sai aka zo kan wata tsohuwa, ƙarama, da farin mayafi, tana zaune a kan kujera ɗanta na tsaye a gefenta. Moidu ya rusuna ya miƙa mata, ya kira ta Umma, don su ma haka suke kiran uwa. Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta juya. Fuskar Larabcin ta tsaya a kai, tana bin baƙaƙen da yatsa. Sannan ta yi magana, ta mayar masa.

Na tambaye shi me ta ce.

"Ta ce wannan mai zagayen na 'yan makarantar gwamnati ne, ita ba ta je ba. Larabcin kuma tana iya furtawa amma ba ta san abin da yake cewa ba." Ya dubi sauran matan da ke zaune a bayanta, tsofaffi kamarta. "Kuma irinsu ne suka fi ɓata."

Na ce, "To ba ta karatu ke nan?"

"Tana yi. Yarenmu take karantawa, amma da baƙaƙen Larabci. Haka aka koya musu a makarantar allo tamu. Waƙoƙin yabon Annabi, littafin tsarki da salla, duk da shi suke karantawa."

Ya ciro biro ya rubuta mata wani abu a bayan ambulan, daga dama zuwa hagu, da wasulla cike. Ta karanta nan take, ta ba shi amsa tana dariya. Na karɓi ambulan ɗin na duba. Baƙaƙen Larabci ne, amma ga wasu da ƙarin ɗigo a inda Larabci ba ya sawa. Na ce masa, "Wannan ai ajami ne." Bai san kalmar ba. Na gaya masa mahaifina da irinsa yake rubuta Hausa, in alhazai za su koma gida ya ba su saƙo zuwa ga 'yan'uwansa. Moidu ya juya ya fassara wa tsohuwar. Ta dube ni sosai, ta tambayi wace ƙasa ce. Da aka gaya mata, sai ta ce ashe can ma akwai masu hankali.

Muka koma shago. Yanzu aikin ya dawo gefen da na sani. Kibod ɗin Larabci ba shi da baƙaƙen da suke buƙata, amma na Urdu da na Farisa suna da wasu, sai na ƙara su. Saura 'yan kaɗan da babu su ko'ina. Lokaci ya ƙure, don alhazai sun kusa fara sauka. Sai muka buga rubutun da girma, muka bar waɗannan baƙaƙen da surarsu ta Larabci, Moidu ya nuna mini wuraren, na ɗiga ɗigon da siririn alƙalami ina kallo ta gilashin agogo, sannan muka ɗauki hotonsa muka rage girman. Kafin mu buga da yawa muka kai wa Umma guda ɗaya, don ba su koma ba tukuna. Ta karanta har ƙasa. Ta gyara mana kalma ɗaya, ta ce wadda Moidu ya sa ta 'yan birni ce, matan ƙauye ba haka suke faɗa ba. Muka sauya. Daga baya na samu manhajar gyaran font na zana baƙaƙen a ciki, aka huta da alƙalami.

A hajjin shekarar an samu waɗanda suka ɓata, don ba a hajji ba a ɓata ba. Amma duk sun tsaya inda katin ya ce su tsaya, aka dawo da su da ƙafarsu. Moidu ya ce wata tsohuwa ma da aka kawo faɗa take yi, wai ta bi abin da aka rubuta, ta tsaya a inuwa, amma an daɗe ba a zo ba. Bai rasa aikinsa ba. Masu kula da wasu masaukai suka ga katin a wuyan mutane suka tambayi inda aka yi. Daga nan 'yan Malabari suka san shagon nan, bayansu 'yan Bangaladash, da masu Tamil, da wani malami ɗan Habasha. Kowanne da irin tasa rigimar, amma zaman iri ɗaya ne: in taɓa, in juya allo, mai harshe ya faɗa.

Shekarar annoba ita ce ta kusa rufe shagon. Kun gan ta da idonku, ba sai na faɗa muku yadda Harami ya zama fayau ba. Yawancin aikina na masaukai ne da ofisoshin masu hidimar alhazai, duk aka sa musu kwaɗo. Da aka ba da izinin buɗe shaguna, nakan zo in ɗaga ƙofa, in goge ƙura, in zauna har azahar ba wanda ya leƙo. Na fara tattara kaya a kwali. Na yi magana da wani mai sayen tsofaffin na'urori ya zo ya duba.

Kafin ya zo sai ga Moidu, da takunkumi a fuska, ya rame, gashinsa ya yi fari. Masaukinsu a rufe yake, yana kai wa mutane abinci gida-gida da motar wani. Ya dubi kwalayen. Ya ce yaran mutanensu yanzu a gida suke karatu ta kwamfuta, kuma malamin yarensu yana so a riƙa bugo aikin gida da Malayalam. Iyayen direbobi ne da masu dafa abinci, sun sayo tsofaffin kwamfutoci na hannu, duk da Larabci suke, wasu ma ba sa tashi.

"Kunna mini wannan," in ji shi, ya nuna tawa.

Ya zauna ya buga 'yan layuka, yanzu da yatsu goma, ba ya ko kallon madannai. Ya karanta mini da Larabci: akwai wani usta a Rusaifa, mutumin Afirka, ba ya jin yarenmu ko kalma ɗaya, amma ba zai sallame ka ba sai ka karanta da bakinka ka ce ya yi. Ya sa kwatancen shago, ya tura a zaurukan wayarsu, ya buga ɗaya ya liƙa a gilashin ƙofa.

Washegari mutum biyu suka zo. Bayan nan ban sake zama haka kawai ba. Suna tsayawa a bakin ƙofa saboda dokar tazara, in goge kwamfutar da maganin kashe cuta, in sauya abin da ya mutu, in sa yaren, in liƙa baƙaƙe a madannai. Sa yaren kam yanzu ba ya ɗaukar lokaci, gaskiyarku. Amma sai ka tambaya: yaron nan ajinsa nawa, wane salon rubutu malaminsa yake so, tsohon mai haɗe baƙaƙe ko sabon mai rarrabe su, da wace hanya zai fi iya bugawa. Sai in ɗaga kwamfutar in juya ta wajen ƙofa, uba ko uwa su karanta ta bayan gilashi. Da wannan na biya haya har aka buɗe hanya alhazai suka dawo. Na kira mai sayen tsofaffin na'urori na ba shi haƙuri.

Moidu ya koma Kerala bayan hajji biyu da dawowar alhazai, gwiwoyinsa sun gaji da hawa bene. Wanda ya gaje shi a masaukin da waya yake tsara katin yanzu, amma da rubutu uku yake bugawa har yau, don tsofaffin matan ba su ƙare ba.

Jiya da safe wani dattijo ɗan Burma ya shigo, daga cikin mutanen nan da suka daɗe a garin nan kamar mu. Ya ciro takarda daga aljihun tobinsa, doguwar rigar nan, ya shimfiɗa a kan teburi. Rubutu ne da hannu, daga dama yake farawa kamar Larabci, amma na duba ban ga baƙi ɗaya da na sani ba. Ya ce nasu ne, yana koya wa jikokinsa, kuma hannunsa ya fara rawa, yana so ya riƙa bugawa. Ban sani ba ko kwamfuta ta san da shi. Na gaya masa ban taɓa yi ba, amma ya bar mini takardar, ya dawo ranar Asabar bayan la'asar, ya taho da wanda ya fi kowa tsufa a cikin masu karanta shi. Duk wanda yake son koyon aikin nan a cikinku ya zo ranar. Ku taho da ƙarin kujera, tamu ba za ta isa ba.